Tsakanin Wura da Wuya

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta shigo gidanmu, ko gaisuwa ba ta gamawa sai ta ce, "Luba, wai da gaske an kama ki a Benin?" Wasu sun ji cewa da buhun zinariya aka kama ni, wata ma ta rantse an gaya mata har aski aka yi mini. To, ga kaina nan da gashinsa. Na gaji da maimaitawa, kuma duk lokacin da na fara ba da labarin da baki sai in kasa kai ƙarshe. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita.

Waɗanda suka san gidanmu a Kende sun san Kaka Tumba, mahaifiyar babana. Yanar ido ta rufe mata ido biyu, rabonta da ganin fuskar mutum tun ina firamare. Da murya da takun ƙafa take gane mu. Likitan ido a Birnin Kebbi ya ce aiki zai buɗe su, amma kada a ja lokaci. Bana kuwa ruwa ya ci shinkafar Baba a fadama, babu abin da za a ɗaga a sayar. Rannan sai Kaka ta sa aka jawo mata tsohuwar adakarta, ta lalubo wani ƙullin tsumma daga ƙasa, ta ce, "Ku kai wanga. Ba ni ganin shi, shi ma ba ya ganina, to mi muke ma juna?"

Abin wuya ne na da. Ƙwayoyin tagulla ne manya-manya masu zane a jiki, da wata babba a tsakiya mai siffar laya. Nauyi kamar me. Baƙi ƙirin, yana warin hayaƙi da tsohon man shanu, zaren da aka shirya shi a kai ya taurare ya koma kamar jijiya.

Goggo Hajo, ƙanwar Baba, ita ce mai fataucin albasa da atamfa tsakanin Lolo da Malanbil ta ƙasar Benin. Ita ta ce ta san wani dillalin kayan da a can, Baba Arzika, wanda masu tara irin waɗannan kaya ke zuwa wurinsa tun daga bakin teku. Ta ɗaga abin wuyan da yatsa biyu, ta yatsine fuska.

"Wanga abu kamar gindin tukunya za mu kai ma mutane? Su ce matan Kende ƙazamai na? Luba, tashi."

Kun san yadda aka rene mu. Ko kwanon aro ba a mayarwa sai an dirje shi, balle abin da za a kai kasuwar wata ƙasa. Na zauna bakin rijiya da toka da lemun tsami da jiƙaƙƙiyar tsamiya, na yi ta dirza har fatar yatsuna ta yi fari. Tsohon zaren ya tsinke a hannuna, na jefa shi murhu, na karɓo zaren taru a gidan maƙwabcinmu masunci na sake shirya ƙwayoyin. Da na ɗauraye na ɗaga shi a rana, wallahi sai da na kare idona. Rawaya jawur, yana walƙiya. Matan gida suka taru suna ma sha Allah, Goggo ta ce hannuna da albarka. Ni kuwa kaina ya kumbura.

Abin da ya sa aka ce ni zan raka Goggo shi ne wai na yi Faransanci a makaranta. Ku da muka zauna aji ɗaya kun san iyakar Faransancin nan: bonju, marsi, wi, no. Na so in faɗa, sai na ga yadda Baba ke kallona da alfahari, na haɗiye.

Da safe Goggo ta ce ba za a sa abin a jaka ba, jaka ana mantawa da ita, ana kuma yanke ta. Ta rataya mini shi a wuya, ta tura shi cikin riga, na zura hijabi a kai. "Ko barci kika yi yana jikinki," in ji ta.

A tashar Bagudo muka samu motar Lolo. Ni ban taɓa wuce Bagudo ta wannan ɓangaren ba. Aka cusa mu a baya, ni da Goggo da wata mai jego da wani tsoho mai zuwa Illo da zakaru biyu a kwando bisa cinyarsa. Duk ramin da motar ta faɗa sai ƙwayoyin su buge ni a ƙirji, su yi ƙaras. Tsohon ya waiwayo ya ce, "Ɗiyata, ƙashinki na ka kuka haka?" Goggo ta ce, "Tazbaha ta, Baba, yarinyar akwai ibada." Ya ce Allah ya ƙara, ya roƙi in sa zakarunsa a addu'a su yi kasuwa. Da muka hau gadar Kwara na rufe ido, ban buɗe ba sai da na ji ƙanshin soyayyen kifi ta taga. Goggo ta saya, ta ci nata ta ci rabin nawa, tana ba mai jego labarin yadda ta san kowane jami'i a iyaka da sunansa. Wannan maganar ta kwantar mini da hankali ƙwarai. Ban san an yi musu canjin wurin aiki ba.

A Lolo aka canza mana kuɗi zuwa sefa, muka ɗauki kabu-kabu biyu, Goggo da kayanta a ɗaya, ni a ɗaya. Ɓangarenmu muka wuce lafiya. Muna cikin tafiya na waiga ban ga Goggo ba, ashe tayarsu ce ta yi faci. Na ce wa mai babur ɗina ya tsaya, ya ce a'a, gara mu jira su a inuwa can gaba. Inuwar da yake nufi ita ce shingen masu kaki na can ɓangaren: igiya a giciye, tsofaffin tayoyi, da ɗan ofis a gindin bishiya.

Wata jami'a ce ta yafuto ni, doguwa, baƙa, da ganinta ka san 'yar kudancin ƙasarsu ce. Ba ta yi mini tsawa ba, gaskiya. Ta kai ni bayan wani zana inda suke duba mata, na ce mata bonju, ta yi murmushi. Ta shafa gefena, ta shafa bayana, hannunta ya zo ƙirjina ya tsaya. Ta ɗaga hijabin, ta jawo abin wuyan waje. Hasken da ya ratso ta zanan ya sauka a kansa, na ga murmushin ya bar fuskarta.

Ta yi wata tambaya da Faransanci, ban kama ko kalma ɗaya ba. Ta maimaita. Nan ma ban gane ba. Sai ta nuna abin da yatsa, daidai maƙogwarona, ta ce, "Wura?"

Ni abin da kunnena ya ji shi ne "wuya". Na ce a raina, Allah sarki, tana ɗan jin Hausa, tana tambaya ko na wuya ne. Har daɗi na ji an zo inda zan iya amsawa. Na dafa wuyana na gyaɗa kai, na ce, "Wi! Wi, madam."

Faransancin da na yi a duk tafiyar ke nan, kuma shi ya kusa kai ni kurkuku.

Ta riƙe hannuna, ba da ƙarfi ba amma riƙon da ba a ƙwacewa, ta ɗaga murya ta kira wani. Kafin in ankara maza uku sun taso. Na hango mai babur ɗina, yana jin kalmar da ake ta maimaitawa ya buga mashin ɗinsa ya juya, ko kuɗinsa bai tsaya karɓa ba. Mutumin da ya bar kuɗinsa ya gudu, ai ya san abin da ban sani ba.

Aka shigar da ni ofis, aka zaunar da ni a benci, aka cire abin wuyan aka ɗora a sikeli. Babbansu wani mai furfura ne, yana jin Hausar kasuwa. Ya ce, "Yarinya, ina takardar zinariya?"

Na ce, "Wace zinariya, ranka ya daɗe?"

"Ke da bakinki kin ce wura ce."

"Wuya na ce! Abin wuya!"

Ya dube ni ya dubi jami'ar, suka yi magana. Sannan ya ce mini wura da Dendanci, yaren mutanen wurin, ita ce zinariya. Jami'ar ta ga ban ji Faransanci ba shi ne ta gwada Dendanci. Ya ce mutane na fito da zinariya daga ƙasarmu a ɓoye, wasu har narkar da ita suke yi su mai da ita kamar kayan ado su rataya wa mata. Ga abu a ƙarƙashin riga, ga nauyi, ga ƙyalli, ga mai shi ta amsa. In ta tabbata, za a riƙe kayan, ni kuma a wuce da ni babban gari.

Ban san lokacin da na zame daga bencin na durƙusa ba. Ina ta cewa tagulla ce, ta kakata ce, idonta za a yi wa aiki. Abin da ke yawo a kaina biyu ne: Kaka zaune a ƙofar ɗaki tana jiran takun ƙafata, da kuma yadda za a ce a Kende 'yar Malam Umaru tana gidan yari a ƙasar da ko sallama ba ta iya yi ba.

Ana haka sai ga muryar Goggo tun daga waje. Ta shigo tana kiran sunayen jami'an da ta sani, babu ko ɗaya a cikinsu. Da ta ji abin da ya faru ta tafa hannu.

"Zinariya? Mu? Ranka ya daɗe, dube ni da kyau. Mai zinariya ka hawan kabu-kabu mai faci? Tagulla ta, ta tsohuwarmu, ta girmi ubanka."

"Tsohuwar tagulla baƙa ce, Hajiya. Wannan tana ƙyalli."

"To ai wanke ta munka yi!"

Ya ce kowa da abin da yake faɗa a bencin nan. Shi ba zai zalunce mu ba, ba kuma zai sake mu a kan magana ba. Zai aika a ɗauko maƙerin zinariya daga kasuwar Malanbil ya gwada a gaban kowa. Sai dai mu yi haƙuri, rana ta take, kuma a ƙasarsu in rana ta take kowa rufe shago yake ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta, sai ta yi sanyi a fito. Ni a ranar na tsani wannan al'ada. Mu da ko azahar ba ta hana kasuwa ci, ga mutum kwance yana minshari, rayuwata na jiran ya farka.

Muka zauna. Goggo da ba ta iya shiru ta yi shiru, abin ya ƙara ba ni tsoro. Can ta matso ta raɗa mini a kunne.

"Luba. Inna ta sha faɗi cewa ta tsakiyar nan, mai kamar laya, zinariya ta."

Inna take kiran Kaka. Na ce, "Goggo, don Allah ki bari."

"Wallahi tun muna yara. Ko faɗa ta yi da matan unguwa sai ta ce ita da zinariya anka kai ta ɗaki."

Na dubi abin a kan tebur. Ta tsakiyar ta fi sauran haske, ko idona ne, oho. Jama'a, ban taɓa roƙon Allah ya sa kakata ta zama maƙaryaciya ba sai ranar. Na yi ta karanta duk abin da na haddace, ina cewa ya Allah ka sa cika baki ne irin na tsofaffi.

Jami'ar nan ta shigo da ruwan leda da wani burodi dogo kamar sanda, irin nasu mai ɓawo, ta ajiye kusa da ni. Ta faɗi wata magana a hankali. Ban ji ba, kuma wannan karon ko kai ban gyaɗa ba.

Bayan la'asar maƙerin ya iso a bayan babur, gajere mai tumbi, da 'yar jakar fata. Bahaushen Gaya ne, ta ƙasar Nijar. Ya fito da wani baƙin dutse mai santsi da 'yar kwalba. Yadda suke yi, sai ya goga ƙwaya a dutsen ta bar layi rawaya, ya ɗiga ruwan kwalbar a kan layin. In zinariya ce layin zai tsaya daram, in ba ita ba ce ruwan ya cinye shi. Ya goga ta farko, ya ɗiga. Wurin ya yi 'yar kumfa, ya koma kore, layin ya ɓace. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana hira da jami'ai kan tsadar shinkafa, kamar ba ran mutum ke hannunsa ba. Ya tsallake ta tsakiya, sai da ya gama sauran ya dawo kanta. Ya juya ta, ya auna ta a tafin hannu, ya ce, "Wagga kam ta yi nauyi." Goggo ta damƙe cinyata har sai da farcenta ya shiga.

Ya goga. Ya ɗiga. Na ga kore.

Na ce "Alhamdu lillahi!" da ƙarfin da har na waje suka leƙo. Maƙerin ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce shi tun da yake sana'ar nan kuka ake yi in ya ce tagulla ce, bai taɓa ganin wadda ta yi godiya ba. Babban jami'in ya miƙo mana abinmu da hannu biyu, ya ce, "Yarinya, daga yau kada ki ƙara cewa wi ga abin da ba ki ji ba." Jami'ar ta rako ni har igiya. Ta taɓa wuyanta ta ce "wu-ya", ta nuna abin ta ce "wu-ra", ta girgiza kai tana dariya. Na so in yi dariyar ni ma, bakina ya ƙi.

A gidan ƙawar Goggo muka sauka a Malanbil, wata Badenda mai suna Fati, dillaliyar albasa. Gidan ko'ina warin albasa, har ruwan randa. Ina cire hijabi ta ƙwala salati, wai dukana aka yi. Ashe gumi ne ya haɗu da gogaggiyar tagulla ya bar mini zobe kore shar a wuya. Ta kawo sakwara da miyar gyaɗa da soyayyen cukun nono da suke kira wagashi, da kwaɗon zogale wanda su kopto suke ce masa. Sai da na ga abinci na tuna rabona da ci tun rabin kifin gada. Abin da ya fi ba ni mamaki a garin shi ne mata a kan babur, su ke tuƙi, da goyo a baya da kwando a gaba, ba mai ko waiwayensu. Fati kanta da nata. Ta ce in na kwana biyu za ta koya mini, Goggo ta ce, "Wagga da ta ce wi anka kama ta, in ta hau babur sai Kwatano." Gaisuwarsu kuwa fofo ce, komai fofo. Ita kaɗai na yarda na riƙa faɗa, ita ma sai da na sa Fati ta rantse mini ma'anarta sannu.

Washegari muka tafi wurin Baba Arzika. Na ɗauka wahala ta ƙare.

Shagonsa na bayan kasuwa, ɗaki ne mai duhu cike da tsofaffin tasoshi da takubba da fitilun aci-bal-bal da ƙyauren ƙofa mai sassaƙa. Komai baƙi, komai da tsatsa. Har na ce a raina, wannan bawan Allah ba shi da mai share masa ne? Shi kansa dogon tsoho ne siriri, da tabarau ɗaure da zare. Aka gaisa, aka tambayi hanya, Goggo ta kwance tsumma ta shimfiɗa abin a gabansa tana murmushi.

Ya daɗe yana kallo bai taɓa ba. Sannan ya ce, "Wa ya yi wanga aiki?"

Goggo ta dafa kafaɗata. "Luba ta, ɗiyar yayana. Da ka gan shi shekaranjiya ba ka taɓa shi ko da sanda."

"Da mi?"

Na ce, "Toka da lemun tsami, Baba. Da tsamiya."

Ya cire tabarau ya rufe fuska da tafin hannu, ya yi inna lillahi. Ya ce, "Hajo, kin san abin da nike sayarwa a ɗakin ga? Baƙin nan nike sayarwa. Abin da kuka kira datti, shi na shekarun abu. Gumin wadda ta sa shi, hayaƙin ɗakinta, man da ta shafa. Can kudu akwai masu zuba sabuwar tagulla, su binne ta a bayan gida, su zuba mata ruwan batir, su rataye ta bisa murhu, duk don ta yi baƙin da ku kunka sa yarinya ta kankare. Su suna wahala su sa, ku kuna wahala ku cire."

Goggo ta ce, "To ai ga abin nan, bai ragu ba."

"Ya ragu da shekara ɗari. In na nuna ma mai saye, cewa zai yi jiya maƙeran tagulla sunka zuba shi a Bida. Ni kaina yanzu da mi zan rantse?" Ya tura tsumman gabanmu. "Ku yi haƙuri. Mai awon ƙarfe na bakin kasuwa, shi zai saya da kilo."

Jiya ina roƙon a ce abin ba shi da daraja, yau ga shi an faɗa, kuma hannuna ne ya jawo. Na ce masa idon kakata ne a tsumman nan. Ya ce ya ji, Allah ya ba ta lafiya, amma tausayi ba ya mai da abu tsoho.

Goggo ta fara naɗe tsumma. Ni kuwa sai wani abu ya faɗo mini, abin da na ɓoye wa Goggo don kunya ranar da nake gugar. Na ce, "Baba, akwai inda ban goge ba."

Ya ɗago.

"Cikin hudojin. Na yi ta tura tsinke yana karyewa, na gaji na bari."

Ya jawo tsumman, ya sa aska ya yanke zaren tarun, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya fita da ita bakin ƙofa wurin haske. Ya fito da wani gilashi mai ƙara girman abu ya leƙa hudar. Ya tura allura ya ƙwaƙulo wani baƙin abu kamar kwalli, ya murza a yatsa, ya sansana. Ya ɗauki ta biyu, ta uku. Sannan ya kira ni.

"Zo ki gani, mai lemun tsami."

Na leƙa. Hudar ba zagayayya ba ce, ta zaizaye ta gefe ɗaya ta yi tsawo kamar ƙwayar kankana, bakinta ya yi siriri. Ya ce zare ne ya ci ta, a hankali, duk takun da mai shi ta yi. Maƙaryaci na iya sa baƙi cikin wata guda, amma ba ya iya sa zaren auduga ya ci tagulla, wannan sai wuyan mace bayan wuyan mace. Ya nuna mini babu ƙwaya biyu masu zane iri ɗaya, don kowace da kakin zuma aka fara siffanta ta kafin a zuba, ba a injin ba. Ya juya ta tsakiyar, bayanta ya lafe sumul, zanen ya shafe inda take kwanciya a ƙirji.

"Ina tsohon zaren?"

Na sunkuyar da kai. "Yana murhu."

Ya ce wa Goggo, "Ki fitar da ita kafin in yi kuka."

Amma dariya yake yi. Ya ce saura abu ɗaya. Shi ba ya sayen kayan da ba a san hannun da suka fito ba, don akwai na sata, akwai na tonon kabari. Yana son ya ji daga bakin mai shi, kuma in ta yarda ya ɗauki muryarta a waya, saboda masu sayen irin wannan rabin kuɗinsu labarin suke biya. Aka kira wayar babana a Kende, aka kai wa Kaka.

"Wa ke nan?" Muryarta ta cika shagon.

"Arzika na, Inna, daga Malanbil. Abin wuyan ga, wa ya ba ki?"

"Kai ɗan wa, da za ka tambaye ni wa ya ba ni? Sata na yi?"

Ya ba ta haƙuri. Sai ta sauko, ta fara. Ta ce na kakarta ne Kulu, wadda aka auro daga Illo a jirgin ruwa, maƙerin garinsu ya zuba mata. Kulu ta ba 'yarta Jumma, Jumma ta sa shi har ranar da ta haifi ita Tumba, shi ne ungozoma ta ce a cire kada ya shaƙe ta. Ta faɗi shekarar yunwa da aka kai shi jingina aka karɓo da damin gero, ta faɗi ranar da ya faɗa gulbi wani masunci ya nutsa ya ɗauko. Ni da nake jikarta ban taɓa jin ko ɗaya ba. Baba Arzika ya riƙe wayar da hannu biyu, kansa a sunkuye. Da ta gama ta ce, "Kuma ka biya da kyau, yaro, ina jin muryarka ta mai wayo ta."

Aka yi ciniki. Goggo ta yi ta albarka, shi yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, har ya ce iyakarsa ke nan, kuma ya rantse. Abin da ya bayar zai isa aikin ido ɗaya da magani da kuɗin mota. Ya ce ba don ya ƙona mana rai ba, amma da mun kawo shi da baƙinsa da zarensa, da ido biyun duka an buɗe har a yi canji. Goggo ta dube ni. Ta ce a hankali, "Ni na sa ta." Muka sallama.

Don haka ku da ke da tsofaffi a gida, in an fito da wani abu daga ƙasan adaka, don Allah ku bar shi da dattinsa. Kada ku ji kunya. Kunyar ce ta ci mana ido guda.

A dawowa da muka iso shingen nan na ja na tsaya, sai da Goggo ta riƙe ni muka wuce, alhali ba wanda ya ce mana ko ci kanku. Har yau in na ga mai kaki, ko na makarantar firamare ne, sai gabana ya faɗi.

Da na gaya wa Kaka maƙeri ya gwada ta tsakiyar ya ce tagulla ce, ta ce, "Bai san aikinai ba." Ban yi musu ba.

Makon jiya aka yi aikin, idon dama. Ni da Goggo muna tsaye a gefen gado da aka zo cire audugar. Ma'aikaciyar ta ce ta buɗe a hankali. Kaka ta yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba, tana kallon rufin ɗakin, ta kalli hannunta ta juya shi. Sannan ta juyo, idon ya tsaya a kaina. Ban yi magana ba, ban motsa ƙafa ba, don kada ta gane ni da abin da ta saba.

Ta daɗe tana kallo. Ta miƙo hannu ta kama haɓata ta juya fuskata wajen taga.

"Luba," in ji ta. "Ashe haka kika girma." Ta ƙara dubawa, ta dubi Goggo, ta dawo kaina. "Kuma duk dangin nan ki rasa hancin da za ki ɗauko sai na Hajo? Allah ya ba ki haƙuri, ɗiyata."